"Aiki ya yi kyau" ba shi ne ƙarshen magana ba: abinda ke sa mara lafiya ya warke da wuri ko ya rikice bayan tiyata

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar tiyata yana jiran a fito da nasa ya san maganar da ake jira daga bakin likita, "aiki ya yi kyau". Ana faɗarta sai kaga an hau hamdala, ana ta kiraye-kirayen waya, kowa hankalinsa ya kwanta. To abinda nake so mu yi fashin baƙi a kansa shi ne, daidai lokacin da hankalin namu yake kwanciya, a lokacin ne mafi yawan haɗarin yake farawa, kuma galibin abubuwan da ke raba wanda zai tashi ya taka da ƙafarsa cikin 'yan kwanaki da wanda jikinsa zai rikice ba wasu manyan na'urori bane, ƙananan abubuwa ne da ake iya yi ko a bari.

Bari mu fara da girman abin. A duniya ana yin tiyata kusan miliyan 313 duk shekara, kuma wani ƙiyasi da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna mutum miliyan 4.2 ne ke mutuwa cikin kwana 30 bayan an yi musu aiki, wato in aka jera abubuwan da ke kashe mutane, bayan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki sai wannan. A 2018 kuma an fitar da wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard, aka bi diddigin marasa lafiya sama da 11,000, aka samu kusan kashi 18 cikin ɗari sun samu matsala bayan aiki, kashi 2.1 sun rasu. Amma abinda ya fi tsaya min a rai a binciken nan shi ne, kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka rasu ba ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin baya ne, suna kwance a ɗakin jinya, an riga an gama murna.

Me yasa haka? Dan jiki bai san bambancin wuƙar likita da ta haɗari ba, shi dai an yanka shi. Da zarar an yanka sai ya shiga halin ko-ta-kwana, ya saki sinadaran firgici irinsu adirenalin da kotizol, suga ya hau ko da mutum ba mai ciwon suga bane saboda insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ya daina aiki yanda ya kamata, jiki ya fara cin tsokarsa dan ya samu abin gyara, jini ya ƙara saurin daskarewa, hanji ya tsaya cak, numfashi ya koma sama-sama saboda zafin ɗinki. Kowanne daga cikin waɗannan ƙofa ce ta wata matsala, ciwon huhu, gudan jini a jijiya, ɗinki ya yi ruwa, ciki ya kumbura, ƙoda ta taɓu. Kuma abin takaicin, shekara da shekaru yanda ake jinyar wanda aka yi wa aiki ƙara wa jikin wahala yake yi, a hana shi ci tun tsakar dare, a cika shi da drif, a zura masa roba ta hanci da ta fitsari, a ce ya kwanta kar ya motsa, kar ya sa komai a baki sai ya yi tusa. Duk da kyakkyawar niyya aka yi, amma yawancinsu gado aka yi daga malamai ba tare da an gwada ba.

Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, shi ya fara ɗaga wannan maganar da ƙarfi a shekarun 1990. Tambayarsa mai sauƙi ce, mara lafiyan nan da ke kwance yau, takamaimai mene ne ya riƙe shi a asibiti, zafi ne, amai ne, rashin ƙarfi ne, ko hanjinsa ne bai tashi ba? Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a magance. Ya nuna wanda aka yanke wa wani ɓangare na babban hanji zai iya komawa gida bayan kwana 2, a zamanin da aka saba mutum ya yi mako guda ko fiye. A 2001 wasu likitoci a Turai, cikinsu akwai Ken Fearon na Edinbura da Olle Ljungqvist na Suwidin, suka haɗu suka tsara abin ya zama tsari guda da ake kira ERAS, wato tsarin gaggauta farfaɗowa bayan tiyata, aka kafa ƙungiyarsa a 2010, yanzu kuma ana amfani da shi a aikin hanji, aikin haihuwa, canjin gwiwa da ƙugu, da sauransu. Kar a fahimce shi a matsayin korar mutum daga gado dan a samu wurin kwantar da wani. Manufar ita ce a rage wa jiki dukan da yake sha, sallamar wuri kuma sakamako ne kawai.

Tun kafin ranar aiki ake fara warkewa, in dai ba aikin gaggawa bane. Maganar taba ita ce ta farko. Hayaƙinta yana matse ƙananan jijiyoyin jini ya rage oksijin da ke isa wurin ɗinki, nama kuma ba ya haɗewa sai da oksijin. Akwai wani bincike a Denmak a 2002 kan mutanen da za a canza wa gwiwa ko ƙugu, waɗanda aka taimaka wa su daina shan taba mako 6 zuwa 8 kafin aiki kashi 18 cikin ɗari ne suka samu matsala, waɗanda ba a taimaka wa ba kuwa kashi 52. Ka duba tazarar nan da kyau, ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana cewa ko mako 4 mutum ya samu ya bari za a ga bambanci. Haka ƙarancin jini, gara a gano shi da wuri a ba mutum maganin ƙarin jini na ayon ya cike kafin aiki, da a jira sai a kan tebur a hau neman ledar jini. Mai ciwon suga a daidaita sugansa, mai hawan jini haka, wanda ya rame a gina shi da abinci mai gina jiki. Sannan dan Allah duk maganin da mutum yake sha ya faɗa wa likitan allurar barci, na asibiti ne, na gargajiya ne, na ƙarin kuzari ne, musamman masu tsinka jini irinsu asfirin da wafarin, ɓoyewa ba ta da wani amfani.

Sai maganar hana ci da sha. Asalinta gaskiya ce, tun 1946 wani likita a Amurka mai suna Curtis Mendelson ya bayyana yanda abin cikin tumbi ke iya tasowa ya shiga huhun wanda aka sa wa maganin barci, kuma abu ne mai haɗari sosai. Amma daga baya aka gane ruwa zalla ba ya daɗewa a tumbi, shi yasa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin allurar barci ke bi yanzu ita ce abinci mara nauyi a tsaya da shi awa 6 kafin aiki, ruwa kuma ko abin sha garai-garai wanda ba madara a ciki ana iya sha har zuwa awa 2 kafin a shiga. A wasu asibitocin ma da gangan ake ba mutum wani abin sha mai sitaci kafin aiki dan kar jiki ya shiga tiyata da yunwa. Abinda ke faruwa a zahiri kuwa, an ce wa mutum kar ya sha komai daga sha biyun dare, aikin da aka sa da safe bai samu shiga ba sai la'asar, ya shiga leɓe a bushe, kai na sarawa, jijiya ta ɓuya. Amma fa nan a yi hattara, wanda hanjinsa ya toshe, ko aikin gaggawa ne, ko tumbinsa ba ya saurin sauke abinci, hukuncinsa daban ne, dan haka tambaya ake yi, "likita zuwa ƙarfe nawa zan iya shan ruwa?", ba mutum ya yanke wa kansa ba.

A cikin tiyatar kanta mara lafiya ba shi da ta cewa, amma yana da kyau a san abinda ya kamata ya faru. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takardar tantancewa mai tambayoyi 19, wadda likitan tiyata ɗan Amurka Atul Gawande ya jagoranci tsarawa, ana tsayawa sau uku, kafin allurar barci, kafin a yanka, da kafin a fita da mara lafiya, a tabbatar wannan ne mutumin, wannan ne ɓangaren da za a yi wa aiki, an ba da antibayotik, an tanadi jini in ana tsoron zubarsa, an ƙirga audugar tiyata da kayan aiki babu wanda ya rage a ciki. Da aka gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe daban-daban, mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8, matsaloli daga kashi 11 zuwa 7. Sai dai ba a ko'ina aka samu irin wannan sakamakon ba daga baya, kuma dalilin a bayyane yake a ganina, in an mayar da ita takardar da nas ke cikewa ita kaɗai bayan an gama komai, to ba ita aka yi ba. Amfaninta shi ne kowa ya tsaya a yi magana, har ƙaramin ma'aikaci ya samu bakin cewa akwai abinda bai yi daidai ba.

Antibayotik kuma lokacinsa ne muhimmi, a ba da shi gab da a yanka, galibi cikin awa guda, yanda zai kasance a cikin nama lokacin da ƙwayoyin cuta za su samu ƙofa. Ci gaba da ɗirka wa mutum shi kwana da kwanaki bayan aiki mai tsafta ba ya ƙara kariya, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma wannan yana cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016. A nan ne kuma aka hana aske gashin wurin aiki da reza, domin rezar tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, in dole ne a cire gashin to da kilifa. Ɗumin jiki ma haka, ɗakin tiyata akwai sanyi, allurar barci kuma tana hana jiki riƙe ɗuminsa. A 1996 an gwada a kan mutum 200 da aka yi wa aikin hanji, waɗanda aka ɗumama kashi 6 ne ɗinkinsu ya kamu da cuta, waɗanda aka bari jikinsu ya yi sanyi kashi 19. A 2022 ma wani bincike a ƙasashe 7 ya nuna canza safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki kaɗai ya rage kamuwar ɗinki daga kusan kashi 19 zuwa 16.

To yanzu an fito da shi. Abu na farko zafi. Akwai masu ganin jure zafi jarumta ce, akwai kuma masu tsoron kar su dami nas, amma wanda ke jin zafin ɗinki a ciki ba zai ja dogon numfashi ba, ba zai yi tari ba, ba zai tashi ba, daga nan komai ke lalacewa. A gefe guda kuma in aka dogara da magunguna masu ƙarfi kaɗai irinsu mofin, suna kawo tashin zuciya, su sa barci mai nauyi, su ƙara kwantar da hanjin da ake jira ya tashi. Shi yasa ake haɗa hanyoyi, farasitamol a kan lokaci ba sai zafi ya taso ba, da ɗan'uwan su ibufurofen ga wanda ƙodarsa da tumbinsa za su ɗauka, da allurar kashe jijiyar wurin ko ta baya, sai a bar masu ƙarfin dan lokacin da ake buƙatarsu da gaske. Ma'aunin ba wai ka tambayi mutum yana kwance shiru ko yana jin zafi ba, ce masa za ka yi ya yi tari ko ya juya, a nan za ka gani.

Tashi daga gado shi ne abinda 'yan uwa suka fi jin tsoro, gani suke ɗinki zai farke. Wallahi kwanciyar ta fi zama abin tsoro. A 1966 a birnin Dalas na Amurka an kwantar da wasu samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 a gado na mako 3, da aka sake gwada su bayan shekara 30 sai aka ga kwanciyar mako 3 ɗin nan ta fi rage musu ƙarfin zuciya da huhu a kan tsufan shekara 30. To ina ga dattijon da aka yi wa aiki. Mutum in yana kwance rigingine yana numfashi sama-sama, ƙananan jakunkunan iska da ke ƙasan huhu sai su sace su manne kamar balan-balan da iska ta fita, majina ta taru a wurin, zuwa kwana biyu uku zazzaɓi da ciwon huhu. Jinin ƙafa kuma da ya saba tsokar sha-raɓa ta tura shi sama sai ya kwanta, ya yi guda, gudan in ya ɓalle huhu yake nufa, kuma shi ne irin mutuwar da za a ce ai yanzu muke hira da shi ya tashi zai shiga banɗaki ya faɗi. Maganin abin a tashi zaune tun ranar aikin ko washegari in likita ya yarda, a fara da zama a bakin gado ƙafa na lilo har jiri ya wuce, sannan a miƙe da mutum a gefe, a taka zuwa ƙofa, gobe a ƙara. In zai yi tari ya rungume filo ya danne wurin ɗinkin da shi, ya ja numfashi ta hanci har ƙirji ya cika, ya riƙe kaɗan, sannan ya yi tarin. Ko yana kwance ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. Wanda haɗarinsa ya yi yawa, kamar mai ciwon daji ko wanda aka yi wa aikin ƙugu, ana ƙara masa da allurar hefarin mai hana jini yin guda, da safa mai matse ƙafa.

Ci da sha ma an daina jiran kwana da kwanaki, a yawancin ayyuka ana fara kurɓar ruwa cikin awanni, abinci mara nauyi ya biyo baya, domin abincin ne ke tada hanjin. Robar fitsari kuma duk kwanan da ta ƙara tana ƙara haɗarin cutar mafitsara, ga ta tana ɗaure mutum a gado, dan haka kullum da safe ya kamata wani ya tambaya ko har yanzu ana buƙatarta. Drif shi ma magani ne, in ya yi yawa hanji da huhu su kumbura, in ya yi kaɗan ƙoda ta sha wuya.

Yanzu ga inda nake ganin zuciyar maganar take. Duk yanda aka kiyaye, wasu sai sun samu matsala, wannan ba makawa. A 2009 wasu masu bincike a Jami'ar Mishigan suka kwatanta asibitocin Amurka da ake yawan mutuwa bayan aiki da waɗanda ba a cika mutuwa ba, kowa zai zata na farkon sun fi samun matsaloli, sai aka ga yawan matsalolin kusan ɗaya ne. Bambancin yana wurin abinda ke biyo bayan matsalar, a asibitoci masu kyau kusan kashi 12.5 na waɗanda suka samu babbar matsala ne suka rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa sama da kashi 21. Wato wani wurin ana lura da wuri a ɗau mataki, wani wurin sai abu ya yi nisa. Kuma jiki ba ya rikicewa farat ɗaya, yana ba da sanarwa awanni kafin nan. Bugun zuciya ya fara hawa, numfashi ya ƙaru, fitsari ya ragu, mutum ya fara sambatu ko ya yi wani irin shiru, awon jini kuwa sau da yawa shi ne na ƙarshen faɗuwa, musamman ga matasa, dan haka wanda ya tsaya jiran sai awon jini ya sauka ya makara. A cikin alamomin nan wadda aka fi rainawa ita ce yawan numfashi, alhali ba ta buƙatar komai sai agogo. Babban mutum yana hutawa numfashinsa 12 zuwa 20 ne a minti, in kaga ya kai 25 ko ya wuce to akwai magana, ko da yana ce maka lafiya lau yake. Saboda haka ne a Ingila aka fito da tsarin maki a 2012, nas ta auna numfashi, oksijin, bugun zuciya, hawan jini, zafin jiki da yanayin hankali, ta haɗa maki, in ya kai wani adadi dole a kira babban likita ba sai an jira zagayen safe ba. Amma tsarin maki ba zai yi aiki ba in nas ɗaya ce ke riƙe da ɗaki guda cikin dare, shi yasa maganar yawan ma'aikatan jinya ba ƙorafin ma'aikata bane kawai, maganar ran marasa lafiya ce.

Mai jinya yana da babban matsayi a nan, domin shi ya san mutumin tun kafin ciwo. In ka ga Baba ba yanda ka san shi ba, faɗa, kuma ka faɗa da hujja, "Sista, tun azahar bai yi fitsari ba, numfashinsa na ƙirga 28 a minti, kuma ɗazu bai gane ni ba", wannan ya fi "jikin nasa dai sai a hankali" nesa ba kusa ba. In an duba ba ka gamsu ba ka sake komawa cikin ladabi ka nemi a kira na sama. Ruɗewar tsofaffi bayan aiki kuma kar a ce tsufa ne ko magagin allura a share, sau da yawa alama ce ta cuta a jini, ƙarancin oksijin, fitsari da ya taru, ko wani magani da bai karɓe shi ba. A mayar masa da tabaransa da abin jinsa in yana sawa, a buɗe taga da rana ya san gari ya waye, a bar shi ya yi barci da dare, a riƙa tuna masa inda yake.

Bayan sallama ma ba a gama ba, domin kamuwar ɗinki ta fi bayyana daga wajen kwana 5 zuwa sama, lokacin da da yawa sun riga sun koma gida, shi yasa masu ƙididdiga ke bin mutum har kwana 30. Kafin a fita a tambaya a rubuce, wane magani za a ci gaba da shi, wanne aka tsayar, yaushe za a cire zare, yaushe za a iya wanka, nauyin me aka hana ɗagawa, kuma wa za a kira in wani abu ya taso cikin dare. A wanke hannu kafin a taɓa bandeji, kar a shafa wa ɗinki komai da ba likita ya ce ba. Zazzaɓi, ja da kumburi da ke yaɗuwa a gefen ɗinki, mugunya ko wari, ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, amai da ya ƙi tsayawa, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, duk waɗannan na komawa asibiti ne a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Ciwon ƙirji ko numfashi ya riƙa sarƙewa kuwa, ko jini ya ɓalle daga wurin aikin, wannan ko ƙarfe nawa ne sai ɗakin gaggawa, kuma a tafi da takardar sallamar dan likitan da zai karɓe shi ya san aikin da aka yi da magungunan da yake kai.